Akwatin ƙarfen da Kaka ta bari

Bayan sadakar arba'in ɗin Kaka, mu mata muka shiga ɗakinta don raba ɗan abin da ta bari. Ba wani abu mai yawa ba ne: zannuwa huɗu, ɗaya ko ruwa bai taɓa shiga ba, tasoshi, carbi, da ƙwaryar furarta wadda aka ɗinke tsaguwarta har sau biyu. Can ƙarƙashin gado, bayan tukunyar da take aje kanwa, ƙanwata ta jawo wani akwatin ƙarfe da tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Fenti ya ɓare, tsatsa ta ci maƙulli. Gwaggo na ganinsa ta ce, "Ku aje shi nan. Wanga ba na rabo ba ne."

Sai da aka sa wuƙa kafin ya buɗe. A ciki akwai almakashi da ya daskare, ƙullin zare da ya koma ruwan ƙasa, kwalabe biyu ƙanana, ɗaya da jan abu busasshe a gindinta, da wani tsohon littafin 'yan lakwal. Kaka ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma littafin cike yake da zane. Kowace haihuwa ta karɓa sai ta ja layi ɗaya a tsaye. Idan ta tura mace likita, sai ta kewaye layin. Idan an rasa uwa ko ɗa, sai ta gitta masa wani. Gwaggo ta juya shafuka ta ɗora yatsa kan wani layi da ba kewaye ba gicciye, ta dube ni ta ce, "Ga ki nan."

Ɗiyar yayata tana wurin, wadda ta gama makarantar jinya ba da daɗewa ba. Ita ce ta ce a makaranta an koya musu tarihin aikinsu, an fara daga Florence Nightingale, aka yi jarrabawa a kanta, aka wuce darasin allura. Wannan magana ce ta tsaya mini a rai har na shiga karance-karancen da suka kai ni ga rubuta wannan.

Ba na raina Nightingale. A 1854 ta kwashi mata 38 zuwa asibitin sojan Ingila da ke Scutari a ƙasar Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar ƙazanta da cuta sun fi harsashi kashe soja. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Sai dai hoton da ake nuna wa ɗalibai hoton asibiti ne, gadaje a jere, mace riƙe da fitila tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da za a tura ƙauyen da ke bayan Dakoro ba gadaje a jere za ta tarar ba. Za ta tarar da mara lafiya yana can inda ba mota, ita kuma tana nan, kuma dole ɗayansu ya taka zuwa wurin ɗayan. Matan da suka zaɓi su zama masu takawar, nasu tarihin daban ne, kuma da yawansa a bayan yaƙi ya tsiro.

Yaƙin duniya na farko ya tsaya ranar 11 ga Nuwamba 1918. Arewacin Faransa, musamman lardin Aisne, ya zama kufai. Shekara huɗu ana luguden wuta a kan gonakin mutane. Rijiyoyi sun gurɓace, an sare itatuwan lambu, dabbobi an kwashe ko an yanke, ƙasa kuma cike da bama-baman da ba su fashe ba. A lardin nan ne tudun Chemin des Dames yake, inda a watan Afrilun 1917 aka tura sojan da Faransa ta ɗiba daga Afirka ta Yamma cikin sanyi da ƙanƙara, suka mutu da yawan gaske. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce labarin wata duniya ce da ba ta shafe mu ba.

Mutanen ƙauyukan da suka yi gudun hijira suka fara komowa, don kowa kufansa yake nema ko da babu rufi. Wasu suka zauna cikin ramukan haƙar dutse, wasu cikin bukkokin katako da kwano. Yara sun yi shekaru ba su ƙoshi ba, shekaru sun tafi jiki bai bi ba. Mu nan mun san sunan abin, tamowa.

Wata Ba'amurkiya mai suna Anne Morgan, ɗiyar attajirin bankin nan J.P. Morgan, da abokiyar aikinta Anne Murray Dike, sun sauka garin Blérancourt tun 1917, suka kafa ƙungiyar agajin yankunan da yaƙi ya ɗaiɗaita, wadda aka fi sani da CARD. Mata Amurkawa kimanin 350 ne suka yi aiki cikinta kafin a rufe ta a 1924. Su ke tuƙa motocinsu ƙirar Ford, su ke shiga ƙarƙashi su gyara idan sun lalace. Sun raba iri, kayan noma, kaji, zomaye, barguna da tukwane. Amma abin da ya fi daɗewa bayan tafiyarsu shi ne tsarin ma'aikatan jinya masu bin gida-gida. Mace za ta ɗauki jakarta ta shiga bukka, ta duba mai ciki, ta ɗora jariri kan sikeli ta rubuta nauyinsa, ta komo bayan mako ta sake aunawa. Awon da matanmu ke zuwa yau da kati a hannu, ɗan uwan wancan ne. Da Amurkawan za su koma gida sun miƙa aikin ga wata ƙungiyar Faransawa a garin Soissons, kuma har yau tana aiki da sunan Anne Morgan.

Cikin matan akwai Mary Breckinridge, wadda ta iso a 1919. Ɗiyar manya ce, mahaifinta ya taɓa zama jakadan Amurka a Rasha. Ta haifi 'ya'ya biyu ta binne su duka: macen ta zo bakwaini a 1916 ta rayu sa'o'i shida, namijin ya rasu a 1918 yana da shekara huɗu. Aurenta ya mutu bayan haka. Duk macen da ta taɓa naɗe kayan ɗanta ta sa ƙasan akwati ta san irin halin da matar nan ta shiga jirgin ruwa da shi.

A garin Vic-sur-Aisne aka aje ta, ta tarar babu shanu, babu madara, nonon uwaye kuma ya ƙafe don yunwa. Sai ta rubuta wa danginta da ƙawayenta a Amurka su tara mata kuɗin awaki. Aka sayo awaki daga duwatsun Pyrénées da ke kudancin Faransa, aka raba wa gidajen da ke da ƙananan yara.

Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Ɗiyar jakada ta tsallaka teku ta gano abin da kowace tsohuwa a Tsibiri ko Jiratawa ta sani tun tana goye, cewa akuya ita ce saniyar talaka. Jar akuyarmu ta Maradi, wadda ake kai fatarta Turai, wadda har cibiyar kiwonta gwamnati ta buɗe a garin nan a farkon shekarun 1960, ta rayar da marayun da ba wanda ya ƙirga. Akwai wani kawunmu da uwarsa ta rasu kwana uku da haihuwarsa. Kaka ce ta ɗaure jar akuya a bakin ɗakinta, tana tatsa tana tafasawa tana ɗiga masa da ƙaramin ludayi. Har ya yi furfura idan ya yi gardama sai ta ce, "Ku ƙyale shi, nonon da ya sha ne."

A Faransa ne Breckinridge ta ga matan Ingila da suka haɗa ilimi biyu, jinya da ungozomanci, abin da Amurka ba ta da shi a lokacin. Ta je Landan ta koyi ungozomanci, ta je tsaunuka da tsibiran Sikotilan ta ga yadda ake kai jinya inda hanya ba ta kai ba. A 1925 ta kafa nata aikin a gundumar Leslie cikin duwatsun jihar Kentucky, wanda daga 1928 aka san shi da suna Frontier Nursing Service. Wurin babu titi, babu lantarki, likita sai an yi tafiya mai nisa. Ma'aikatanta kan doki suke yawo, suna bin ƙoramu, da jakunkunan fata biyu rataye a sirdi. Jakar haihuwa daban take da ta jinya, a shirye take kullum, don mijin mai naƙuda yana iya buga ƙofa da tsakar dare. Yaran yankin har sun ɗauka cikin jakar ake kawo jarirai. Kuɗin haihuwa dala biyar ta Amurka ne, tun daga awon ciki har bayan haihuwa, wanda ba shi da kuɗi ya biya da ƙwai, ko abincin doki, ko ya zo ya yi gyaran shinge. An warwatsa ƙananan gidajen jinya cikin duwatsun yadda ma'aikaciya za ta isa yawancin gidaje cikin kamar awa guda a kan doki. Cikin shekara hamsin sun karɓi haihuwa fiye da 17,000, uwaye 11 suka rasa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, yawancin matan Ingilan da ke mata aiki suka koma gida, dole ta buɗe makarantar ungozomanci a garin Hyden don ta horar da nata.

Na so matar nan sosai har na kai wani wuri da ya sa na aje wayar. Kafin ta fara aikin, a 1923, ta yi tafiyar mil kusan 650 kan doki tana zagaya duwatsun, ta zauna da tsofaffin ungozomomi 53, matsakaicin shekarunsu kamar sittin. Rahoton da ta rubuta a kansu bai yi musu da daɗi ba: ƙazanta, jahilci, camfi. Ina karantawa ina ganin Kaka zaune kan tabarma, baƙuwa na duban faratanta. Kuma matar da ta tsallaka teku don 'ya'yan Faransawa ba ta ɗauki baƙar fata aiki ba, alhali a ƙasarta suke.

Da na kai wa Gwaggo wannan ƙorafi, tana tsinke zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na biyun kina da gaskiya. Na farkon kuwa, da Inna na da rai da ita za ta hwaɗa miki ba duka ne ƙarya ba."

Gaskiyarta. Kaka da bakinta ta sha ba mu labarin yadda ake yi kafin akwati. A al'adarmu mace ita kaɗai take durƙusawa, musamman haihuwar fari da kunya ke hana ko nishi mai ƙarfi. Ungozoma sai ɗa ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego da kunun kanwa. Cibiyar kuwa da abin da ya samu ake yankewa, tsohuwar aska ko ɓawon kara, a shafa abin da aka gada. Kafin suna ko jim kaɗan bayansa sai jariri ya ƙi kama nono, baki ya ɗaure, jiki ya sandare. A ce iska ce, ko mayu. Likitoci tetanos suke kiransa, kuma ta bakin cibiyar nan yake shiga.

Turawan mulkin mallaka sun san ana wannan asara, kuma yaƙin da ya rusa Aisne shi ya sa suka damu da ita. Suna bukatar soja da leburori, ga 'ya'ya na mutuwa tun a zanen goyo. A 1918, shekarar da Blaise Diagne, ɗan Senegal da ke majalisar Faransa, ya zagaya yana ɗibar musu sababbin soja, aka buɗe makarantar likitanci a Dakar tare da sashen ungozomomi, daga baya a 1930 aka ƙara sashen masu jinyar gida-gida. Aoua Kéita ta Mali can ta yi karatu, aka tura ta Gao a 1931, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa kafin siyasa ta kai ta majalisa a 1959. Amma 'yan ɗaruruwa ne aka yaye cikin shekara arba'in don ƙasashe takwas da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma, a birane aka fi aje su, rabon Nijar a ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Ƙauyenmu, kudu da Maradi ta wajen Madarumfa, bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960 ne aka gwada wata dabara, kuma jihar Maradi na cikin wuraren da aka fara ta. Tunda babu ma'aikatan da za su isa kowane gari, sai kowane gari ya fid da nasa: namiji a koya masa wanke ciwo da ba da nibakin da asfirin, tsohuwar da aka riga aka yarda da ita kuma a ƙara mata ilimi kan wanda take da shi. Matron ake ce musu. Sai a 1978 duniya ta taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta amince cewa haka ya kamata a yi kiwon lafiya a matakin farko. A lokacin Kaka ta kusa shekara goma da akwatinta.

Tana son ba da labarin zuwanta horo, kuma kullum daga motar take farawa, don ranar ce ta fara shiga mota. Mai gari ya tara mutane gindin gawo aka ce a fid da mace biyu, mata suka nuna ta. Kakanmu ya so ya hana, aka lallashe shi da cewa kwana goma sha biyar ne kawai. A can aka ba su sabulu aka ce kowa ta wanke hannu. Suka wanke. Madan ɗin da ke koyarwa ta duba ta ce a sake. Sai da suka wanke sau huɗu, har gwiwar hannu, har ƙarƙashin farce. Kaka ta ce ta ji haushi ƙwarai, yarinyar da ba ta kai ƙanwarta ba tana koya mata wanke hannu. Aka koya musu tafasa almakashi da zare, ɗaure cibiya wuri biyu a yanke tsakani, shafa jan magani, ɗiga magani a idon jariri. Aka ce su riƙa zuwa tun naƙuda na farawa, kada su jira kukan ɗa. Abin da aka fi nanatawa kuwa shi ne sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinsu: idan rana ta fito ta faɗi mace na durƙushe, idan hannu ya riga kai fitowa, idan jini ya ƙi tsayawa, idan jijjiga ta kama ta, a ɗaura amalanke.

Ba a biyanta ko dala. Abin da take samu shi ne na al'ada, ɗan hatsi, sabulu, da rabonta na naman suna. Shekarun farko ma'aikacin likita yana zuwa duba littafinta yana cika mata kwalabe. Daga baya zuwan ya ja baya, aka ce babu man mota, har ya daina gaba ɗaya. Kwalaben da muka gani babu komai, tun wancan lokacin suka ƙafe. Ita dai ba ta daina tafasa almakashi ba, da ya dakushe ta koma sayen sabuwar reza da kuɗin furarta.

Gwaggo ita ce ɗiyarta ta uku, kuma ita kaɗai aka bari ta yi lakwal, wai don ta riƙa karanta wa uwarta abin da ke jikin kwalba. Ta wuce har makarantar kiwon lafiya ta Zinder. Aikinta na farko wani gari ne arewa, ta wajen Dakoro, kuma ta isa ana cikin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari don a shekarar aka rufe iyakar Najeriya. Ɗakin shan magani ɗaki biyu ne, da firji mai aiki da kananzir don allurar rigakafi. Ta ce lagwanin firjin nan ya fi mijinta samun kulawarta, don idan wutar ta mutu da dare, allurar dusa ta gundumar duka ta lalace. Ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara, ita ce mai rubuta rahoton wata. Da sanƙarau ta 1995 ta zo, rumfunan zana aka kafa a fili, marasa lafiya kwance kan tabarmi, ana rataye ƙarin ruwa a reshen itace, tana bin su da allurar nan mai kauri kamar mai wadda ake yi sau ɗaya. Sai da ta yi kwana tara ba ta kwance ɗankwalinta ba.

Tsakaninta da uwarta ba kullum ake shiri ba, kuma kan aiki ne. Na taɓa ganin faɗansu ina 'yar shekara goma sha biyu. Wata yarinya ce mai cikin fari ta kwana biyu tana naƙuda. Kaka ta ce a tafi tun daren farko, mijin ba ya gari, surukin ya ce ba a fita da matar ɗansa ba da izininsa ba. Da aka kai ta, ɗan ya riga ya mutu, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Gwaggo ta zo hutu ta ji labari, ta tsaya tsakar gida tana faɗa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa uwarta ba.

"Inna, mi aka ba ki akwatin domin shi? Da kin tahi wurin mai gari!"

Kaka tana dama fura, ba ta tsaya ba. Ta ce, "Ke kina da farar riga da takardar gwamnati, in kin yi magana ana tsoron ki. Ni gobe a rijiya ɗaya zan ɗebi ruwa da matan gidan."

Gwaggo ta yi shiru. Da dare na ga Kaka ta ɗauko littafin, ta kewaye layin, ta gitta masa, ta daɗe tana dubansa a hasken fitilar ƙwai. Yarinyar ta yi shekaru a bayan ɗakin uwarta, mijin ya sake ta. Cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Danja, nan kusa da mu, sai a 2012 aka buɗe ta.

Daga shekarun 1990 masana suka sauya ra'ayi, suka ce horar da ungozomar gargajiya bai rage mutuwar uwaye yadda aka zata ba, don abin da ke kashe mace, jini da toshewar haihuwa da jijjiga, ba almakashi mai tsabta ke maganinsa ba. Aka ce matron ta daina karɓar haihuwa, aikinta ta rako mace likita. Kaka ta ɗauki abin cin fuska, ta yi wata guda ba ta maganarsa. Daga baya ta zama ita ce mai hawa amalanke tana riƙe da kan mai naƙuda, tana yi wa mai shanu faɗa ya bi a hankali. A ra'ayina masanan sun yi daidai a lissafi, sai dai sun yi saurin mantawa cewa amalanken ba ya tashi sai wata tsohuwa da ake jin nauyinta ta ce ya tashi. A Nijar ana auna kusanci da likita da kilomita 5, kuma kusan rabin jama'a sun fi haka nisa. An gina ƙananan gidajen lafiya na ƙauye da yawa zamanin Tandja, an kuma ce daga 2006 yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu tiyatar haihuwa ba sa biya, amma yashi da kwari da ruwan Gulbi idan ya kawo ba su san da doka ba.

Sai 2005, wadda duk ɗan Maradi da ya kai hankali ya gani da idonsa. Fari da fara sun ci amfanin 2004, buhun gero ya doshi jika talatin, hatsi na kasuwa amma ba kuɗin saye. Fararen motoci suka cika gari. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ita ma ɗiyar yaƙi ce, don likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara ne suka kafa ta da wasu 'yan jarida a 1971, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, akasarinsu a jiharmu. Da tsohon tsari ne da ba a iya ba, don da sai an kwantar da yaro da uwarsa kusan wata guda ana ba shi madara ta musamman. Abin da ya sauya shi ne ɗan ƙunshin nan na Plumpy'Nut da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wanda mata ke kira biskit: gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki, ba ya bukatar ruwa ko wuta. Gyaɗa fa, a garin da aka gina da kuɗin gyaɗa. Uwa za ta zo sau ɗaya a mako, a zagaya ma'auni a damtsen ɗanta a ga ko ja ne ko ɗorawa ko tsanwa, a ɗora shi kan sikeli, a ba ta na kwana bakwai ta koma gida. Jinyar ta koma hannun uwa, tafiyar ma ta koma ƙafarta. Na ga mata da suka taso tun asalatu daga ƙauyukan Gidan Rumji, ɗa a baya, wani a hannu.

Gwaggo ta yi aiki a ɗaya daga cikin cibiyoyin a shekarar. 'Yan jaridar waje sun zo sun ɗauki hotuna, kuma a yawancin hotunan za ka ga baƙon likita a tsakiya, a gefe kuma wani hannu riƙe da ƙafar yaro ko robar ƙarin ruwa. Ta ce ta taɓa gane hannunta a wata jarida ta wurin zobenta. Waɗanda suka yi yawancin aikin 'yan ƙasa ne, mata da yawa cikinsu, masu jinya da masu awo da masu fassara da masu dafa kunu. Da motocin suka ragu su ne suka saura, kuma su ne suka tari mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da 'yan bindiga suka koro daga 2019, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori, mata masu ciki da suka yi kwana da kwanaki a daji.

Ɗiyar yayata an tura ta wani gari gabas da Mayahi watanni biyar da suka wuce. Su biyu ne a wurin, ita da majo, wato shugaban ɗakin shan maganin, sai wata tsohuwar matron da ke kwana a barandar ɗakin haihuwa. Firjinsu na hasken rana ne, ba ruwanta da lagwani. Ranar fita rigakafi ɗan kabu-kabu ke ɗaukarta, akwatin sanyi a cinyarta, idan yashi ya yi yawa su sauka su tura. Kafin ta tafi ta roƙi Gwaggo akwatin Kaka. Gwaggo ta cire littafin ta sa cikin kayanta, ta goge akwatin da toka da man gyaɗa, ta kai wa maƙeri ya sa masa sabon maƙulli, ta ba ta.

Shekaranjiya da magariba ta kira ni, daga kan tudun da suke hawa don samun layi, iska na kaɗa maganarta. Na tambaye ta akwatin. Ta ce, "Tanti, katunan awo nake sawa ciki, gara ta cinye mana na cikin kwali." Ta ce tsohuwar matron ɗin ta gan shi ta gane shi nan take, ta ce ita ma uwarta ta taɓa samun irinsa, nasu kore ne. Sai na ji ana kiranta daga nesa, ta ce an kawo wata kan amalanke, za ta sake kira.